Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka sauya kayan kwamfutarka don wasan gem

Duk mai buga gem a kwamfuta ya san wannan takaicin. Ka kama ƙwallo ka nufi raga, ko ka hango abokin gaba ka saita bindiga, sai hoton ya ƙame na ɗan ƙiftawar ido, kafin ya sake motsi dama ta wuce. Abin da ke fara zuwa wa mutum shi ne ya sayo sabon abu ya saka. To, wanne? Kwamfutar tebur tana da manyan sassa kusan bakwai da ake iya cirewa a sauya, kuma galibi ɗaya ne kawai daga cikinsu yake yi wa sauran tarnaƙi. In ka sayi wanda ba shi ne matsalar ba, kuɗi sun tafi, wasan kuma yana nan yadda ka bar shi. Kayan nan duk daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, don haka kuskure guda na iya cinye tarin watanni.

Yadda aikin yake rabuwa a cikin na'ura

Motsin da kake gani a gem hotuna ne masu yawa da ke bin juna da sauri, kowanne ana kiransa firem. Idan kwamfuta tana fitar da firem 60 a daƙiƙa, tana da kimanin milisakan 16.7 ne ta gama kowane hoto. A firem 30 tana da milisakan 33, a 144 kuwa ƙasa da 7.

Sassa biyu ne ke raba wannan aiki. Firosesa ita ke lissafa abin da ke faruwa: ina ƙwallo ta faɗa, ina harsashi ya dira, me 'yan wasan da kwamfuta ke sarrafawa za su yi, wane maɓalli ka danna. Sai ta miƙa wa katin girafik, shi kuma ya zana hoton, da haskensa da inuwarsa da launinsa. Kamar shagon tela ne ana dab da Sallah, ɗaya na yanka ɗaya na ɗinki. In mai yanka yana da nawa, ko ka kawo keken ɗinki mafi sauri a duniya mai ɗinki zaman jira zai yi. In kuma mai ɗinkin ne ba ya sauri, yankakkun yadi za su taru a gabansa, ƙara masu yanka ba zai fitar da riga ko ɗaya ba.

Sauran sassan hidima suke yi wa waɗannan biyun. RAM tana riƙe da abin da ake aiki da shi a yanzu, had dis ko SSD na ajiye gem ɗin kansa, fawa-fak na raba wuta, madabod kuma ita ce ta haɗa kowa da kowa.

Ka auna kafin ka taɓa aljihu

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma kyauta ne. Akwai manhajar MSI Afterburner, wadda ke nuna maka a gefen sikirin, kana cikin wasa, yawan firem, da yadda katin girafik da firosesa ke aiki, da zafinsu, da yawan RAM da aka cinye. HWiNFO ma tana yin irin wannan. Ko Task Manager da ke cikin Windows ya isa a fara da shi.

Ka buɗe gem ɗin da ka fi bugawa, ka je wurin da ya fi ba ka wahala, ka duba. Idan katin girafik yana aiki kashi 97 zuwa 100 cikin ɗari amma firem bai kai yadda kake so ba, kati ne ya kai iyakarsa. Idan kuwa katin yana yawo a kashi 60 ko 70, jira yake yi, wani ne ya riƙe shi, kuma galibi firosesa ce. Kada jimillar aikin firosesa ta ruɗe ka. Tana iya nuna kashi 40 alhali ita ce cikas, domin gem da yawa suna jibga nauyin aikinsu ne a kan ƙwaya ɗaya ko biyu daga cikin ƙwayoyinta, sauran suna zaune.

Akwai gwaji mafi sauƙi ma. Ka rage girman hoton, misali daga 1080p zuwa 720p, ka bar komai yadda yake. In firem ya yi tsalle sama, katin girafik ne matsalarka. In bai motsa ba, sabon kati ba zai yi maka komai ba.

Ka kuma bambance ciwo biyu da mutane ke haɗawa. Akwai wasa mai nauyi a kowane lokaci, akwai kuma wanda ke tafiya lafiya sai ya riƙa sarƙewa jefi-jefi. Na biyun ya fi alaƙa da ƙarancin RAM, ko cikar ma'ajiyar katin, ko tsohon had dis, ko zafi.

Kafin a je kasuwa, a duba wasu abubuwa da ba sa cin ko kwabo. Wayar sikirin a jikin katin girafik take, ko an soka ta a ramin madabod? Wannan kuskuren ya fi yawa fiye da yadda ake zato, kuma mai shi yana wasa ne ba tare da katin da ya saya ba. An sabunta direban katin? Laftof kuma a jone take da caja? Yawancinsu suna rage ƙarfi sosai idan suna kan batir.

Katin girafik

A mafi yawan kwamfutoci nan ne kuɗi ya fi yin tasiri, don haka nan ne ya kamata a fi nutsuwa.

Aikin kati yana bin yawan ɗigon da zai zana. Sikirin mai 1920 da 1080 yana da ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. Mai 2560 da 1440 yana da kusan miliyan 3.7. Wanda ake kira 4K yana da kusan miliyan 8.3, ninki huɗu na na farko. Saboda haka tambayar ba "wane kati ya fi kowanne ba" ce, tambayar ita ce wane sikirin gare ka kuma wane gem kake bugawa. Mai buga EA Sports FC, wanda aka sani da FIFA kafin 2023, ko eFootball, ko GTA V, a sikirin 1080p, ba shi da buƙatar katin da aka ƙera don Cyberpunk 2077 a 4K. Irin RX 6600 na kamfanin AMD, ko RTX 3060 da RTX 4060 na Nvidia, sun wadatar da shi har da saura.

Sai batun ma'ajiyar da ke jikin katin kansa, wadda ake kira VRAM. A nan ake loda fatar duk abin da ka gani, bango da ciyawa da fuskar ɗan wasa. Idan ta cika, katin zai koma aro daga RAM, wadda ta fi shi nisa da nawa, sai sarƙewa ta fara, ko ka ga bango ya fito a dusashe. Gigabait 4 ta yi kaɗan ga sababbin manyan gem. Gigabait 8 tana aiki a 1080p, amma wasu gem na shekarun nan suna cika ta idan an ɗaga saiti. A ra'ayina, wanda zai riƙe kati shekara huɗu ko biyar ya nemi mai 12 in hali ya yi. Sai dai yawan ma'ajiya ba ya mayar da rarraunan kati ƙaƙƙarfa. Akwai tsofaffin katuna masu gigabait 4 da ba za su iya ɗaukar gem ɗin zamani ba ko an ninka musu ita.

Sunayen katuna kansu suna da ruɗani. RTX 3060 na 2021 ya zo da gigabait 12, magajinsa RTX 4060 na 2023 ya zo da 8, ko da yake ya fi shi sauri kuma ya fi shi tattalin wuta. GTX 1060 na 2016 iri biyu ne sanannu, mai gigabait 6 da mai 3, kuma mai 3 ɗin ba ma'ajiya kaɗai aka rage masa ba, har injinsa an rage. Katin laftof da na tebur suna iya ɗaukar suna ɗaya amma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Kada ka saya da suna. Ka nemi gwajin da aka yi wa wannan katin a kan gem ɗin da kai kake bugawa.

Katunan zamani suna da dabarar zana hoton a ƙarami sannan su faɗaɗa shi, abin da ke ƙara firem ba tare da hoton ya lalace sosai ba. Ta Nvidia sunanta DLSS, tana aiki ne a katunan RTX kaɗai. Ta AMD, FSR, ta fito a 2021, kuma nau'o'inta na farko suna aiki har a tsofaffin katuna na kowane kamfani. Kunna ta kaɗai yakan ɗage wa mutum sayen kati da shekara guda. A ɗaya ɓangaren, wasu sababbin gem, irin su Indiana Jones and the Great Circle na 2024 da Doom: The Dark Ages na 2025, ba sa buɗewa sam a katin da ba shi da injin bin sawun haske, wato duk jerin GTX da RX 580 sun fita. Mai son irin waɗannan ya sa wannan a lissafinsa.

Da yawa daga cikinmu na hannu za su saya, kuma ba laifi ba ne. Amma a yi hattara da abu biyu. Kafin Satumbar 2022, lokacin da Ethereum ta daina dogaro da haƙa, an yi amfani da ɗimbin katuna wajen haƙar kuɗin kirifto dare da rana, daga baya aka zubo su kasuwa. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankarsu ta gaji, man sanyayarsu ya bushe. Na biyu, akwai na jabu, tsohon kati da aka sauya wa suna a ciki har Windows ke nuna shi a matsayin GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z tana tona irin waɗannan. Ko a Beirut Road na Kano ne ko a Computer Village na Ikeja, ka ce a saka katin a gabanka, a kunna gem mai nauyi na minti ashirin ko talatin, ka kalli zafinsa, ka saurari fankarsa, ka duba ko wasu ɗigo-ɗigo ko layuka na ɓullowa a hoton. Mai sayarwa na kirki ba zai ƙi ba.

Ka auna tsawon akwatinka ma kafin ka biya. Wasu katuna masu fanka uku sun haura santimita 30.

Firosesa, da abin da ke biyo ta

Gem ɗin da suka fi jingina da firosesa su ne na gasa da ake son firem ɗari da wani abu, irin su Counter-Strike 2 da Valorant, da masu taron jama'a ko faɗin duniya, irin su Warzone da Microsoft Flight Simulator.

Abu na farko da ya kamata a cire daga kai shi ne cewa i7 ta fi i3 a kowane hali. Zamani ya fi suna. Core i7-4790 ta 2014 da Core i3-12100 ta 2022 duk ƙwaya huɗu gare su, kuma ta biyun ta fi ta farkon sauri a gem nesa ba kusa ba. Lambobin farko bayan ɗan layin (-) su ne ke nuna zamanin. Ƙwaya shida na zamani sun ishi kusan kowane gem a yau. Mai ƙwaya goma sha shida ta fi amfani ga mai tace bidiyo.

Wahalar sauya firosesa ita ce ba ta tafiya ita kaɗai. Kowace tana da irin mazaunin da take shiga a madabod, kuma in mazaunin ya sauya, sai ka sauya madabod, wani lokaci har da RAM. A nan masu AMD na mazaunin AM4 suka yi dace. Wanda ya sayi Ryzen 5 1600 ko 2600 a kan madabod B450 zai iya saka Ryzen 5 5600 a wannan madabod ɗin, da wannan RAM ɗin, ya ga bambanci mai girma. Har Ryzen 7 5800X3D ta 2022, wadda aka ƙara wa ma'ajiyar ciki ta kai megabait 96, a mazaunin nan take zama. Sharaɗin shi ne a sabunta BIOS, wato manhajar madabod, tun tsohuwar firosesar tana ciki. Kuma ina roƙonka, kada ka fara wannan sabuntawa da wutar NEPA zalla. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, madabod na iya ƙin tashi. Ka yi shi a kan UPS ko inbata mai cikakken caji.

Sabon mazaunin AMD, wato AM5 na 2022, RAM ta DDR5 kaɗai yake karɓa. Na Intel mai suna LGA1700, wanda ya ɗauki zamani na 12 zuwa na 14, ya danganta da madabod, wata DDR4 wata DDR5.

RAM

Ƙa'idarta mai sauƙi ce: in ba ta isa ba, wasa ya lalace, in ta isa, ƙari ba ya ƙara komai. Gigabait 8 ta yi ƙaranci yanzu, tunda Windows da burauza sun cinye wani kaso tun kafin a buɗe gem. Gigabait 16 ita ce madaidaiciya, 32 kuma ga mai manyan sababbin gem ko mai watsa wasansa kai tsaye.

Abin da ake yawan mantawa shi ne a saka ta biyu-biyu. Sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai 16, domin firosesa na ɗebo bayanai ta hanya biyu a lokaci guda. A madabod mai rami huɗu, galibi na biyu da na huɗu ake cikawa, amma a duba littafinta. Ga wanda ba shi da katin girafik na daban, wanda firosesarsa ce ke zanen, ƙara sanda ta biyu na iya zama gyara mafi araha kuma mafi tasiri da zai taɓa yi. Sannan RAM da aka rubuta wa 3200 takan tashi a 2133 ko 2400 har sai an shiga BIOS an kunna XMP, wanda a sababbin madabod na AMD ake kira EXPO. DDR4 ba ta shiga ramin DDR5, tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, kada a matsa da ƙarfi.

SSD

SSD ba ya ƙara firem, amma yana sauya yadda kwamfuta take gaba ɗaya. Had dis mai juyawa yana karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD na SATA kusan 550, na NVMe kuwa daga 3,500 zuwa 7,000. Tsalle daga had dis zuwa kowane irin SSD shi ne wanda ake ji a jiki: lodi ya ragu, gari ya daina ɓullowa a makare kana tuƙi. Tsakanin SATA da NVMe bambancin a gem 'yan daƙiƙu ne. Starfield na 2023 ya sa SSD cikin sharuɗɗansa, wasu ma sun bi. Ganin yadda manyan gem ke haura gigabait 100, kuma sake saukar da su yana cin data mai tsada, terabait 1 ya fi dacewa.

Fawa-fak da halin wutarmu

Ba wanda ke alfahari da fawa-fak, shi ya sa ake tsuke masa kuɗi, kuma shi ne sashen da in ya mutu yakan tafi da wasu. Ramin da katin girafik ke shiga wat 75 kawai yake bayarwa. Abin da ya haura haka sai ta waya daga fawa-fak, mai baki 6 tana ba da 75, mai baki 8 tana ba da 150. RTX 4060 yana jan wat 115, RTX 3060 170, RX 580 185, RTX 4090 kuwa 450. Kafin ka sayi kati, ka buɗe akwati ka karanta takardar da ke jikin fawa-fak, ka tabbatar yana da wat ɗin da wayoyin. Na kamfanin da aka sani mai wat 550 ya fi marar suna da aka rubuta wa 800. Kwamfutar da ke mutuwa farat ɗaya da zarar wasa ya yi zafi, sau da yawa nan ne ciwonta.

A wurinmu lissafin bai tsaya nan ba. Na'urar da ke jan wat 400 na awa biyar ta sha yunit 2. Ga mai mitar kati kuɗi ne, ga mai sola batir ne da zai ƙare kafin tsakar dare. Shi ya sa nake ganin RX 580, duk da arhar da yake yi a kasuwar na hannu, ba lallai ya zama mai araha ba idan aka kwatanta da RX 6600, wanda ya fi shi sauri kuma wat 132 yake ja. Ga mai janareta ko wutar da ke hawa da sauka, sitabilaiza da UPS suna cikin kayan gem kamar yadda kati yake ciki.

Zafi da ƙura

Firosesa da kati suna kare kansu. Da zarar zafi ya kai wani mataki, wajen digiri 95 zuwa 100 ga yawancin firosesa, ƙasa da haka ga katuna, sai su rage gudu da kansu. Alamar ita ce wasa ya fara lafiya, bayan kwata ko rabin awa ya yi nauyi. Gwaje-gwajen da ake gani a YouTube galibi a ɗakuna masu sanyi ake yinsu. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, na'urar ta fara aiki ne da iska mai ɗumi tun daga farko. Ga ƙurar hunturu da ke toshe raga da fanka cikin 'yan makonni.

Mutane da yawa da ke shirin sayen sabon kati, abin da na'urarsu ke nema shi ne a hure ta. A kashe, a zare waya, a riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa, a hure ƙurar da bulowa. A sauya man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyayarta in ya shekara biyu ko uku. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a ƙara fanka ɗaya mai jawo iska ta gaba da ɗaya mai fitarwa ta baya. Duka wannan bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin kati ba.

Sikirin da intanet

Sikirin mai 60Hz hoto 60 kawai zai nuna a daƙiƙa, ko katinka na fitar da 200. In na'urarka ta riga ta yi ƙarfi, sikirin mai 144Hz shi ne sauyin da ido zai fi gani, amma sai an shiga saitin Windows an ɗaga shi, don yakan zo a kan 60. Jinkirin wasan intanet kuwa, inda ka harba sai daga baya abin ya faru, ba na kayan cikin akwati ba ne. Nisan sabar da ingancin layinka ne. Jona waya daga rawuta maimakon wayales yana taimakawa, sabon kati ba ya taɓa shi.

Laftof, tsohuwar kwamfutar ofis, da inda gyara ke ƙarewa

A kusan dukkan laftof, katin girafik da firosesa a manne suke da madabod. RAM da SSD kaɗai ake sauyawa, a wasu ma RAM ɗin a manne take. Ka bincika lambar taka kafin ka sayi komai.

Kwamfutocin ofis na hannu, irin su Dell OptiPlex da takwarorinsu na HP da Lenovo, su ne ƙofar shiga gem ga matasa da yawa, kuma hanya ce mai kyau in an san iyakarta. Fawa-fak ɗinsu ƙarami ne, da yawa ba su da wayar kati, wasu kuma bakin wayarsu na kamfanin ne, ba a iya musanya shi da na kasuwa cikin sauƙi. Siraran cikinsu gajeren kati kaɗai suke ɗauka. Abin da ya dace da su shi ne katin da ke wadatuwa da wutar rami, kamar GTX 1650, ko RX 6400, ko RTX 3050 mai gigabait 6, tare da RAM 16 da SSD.

Akwai kuma lokacin da ya kamata a tsaya. In na'urarka mai DDR3 ce da firosesar Intel ta zamani na 3 ko na 4, duk kati mai ƙarfi da ka saka zaman jira zai yi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zamani na 8 na Intel take farawa, tana kuma neman tsarin tsaro na TPM 2.0, abin da wasu gem na gasa ma suka fara tambaya don hana maguɗi. A irin wannan na'ura, ka saka kuɗi kawai a abin da za ka iya cirewa ka tafi da shi sabuwa, wato SSD, da fawa-fak mai kyau, da sikirin, sauran kuma ka tara su don firosesa da madabod da RAM, waɗanda za ka saya tare a rana ɗaya.